Kwanakin da Ke Saman Layi

Bencin da ke ƙofar ɗakin likita ƙafarsa ɗaya gajera ce, kuma tun da Kafinta ya zauna a kai abin yake cin ransa. Wani ya tashi, benci ya yi rangaji. Wani ya zauna, ya ƙara yi. Da a shagonsa ne, aikin minti biyar ne. Amma ba gyaran benci ne ya kawo shi asibitin ƙwaƙwalwa ba. Matarsa ya kawo, ga ta nan a gefensa ta zuba wa daɓen ƙasa ido, hannuwanta a cinya kamar ba nata ba.

Tela ce, kuma ba telar wasa ba. Kanari yake ce mata, saboda in ta hau keken ɗinki waƙa take yi har maƙwabta su san ta fara aiki. To, wata huɗu ke nan rabon da a ji keken, balle waƙar. Tana kwana kwance ta wuni kwance. In ya kawo abinci ta taɓa cokali biyu ta ture. In ƴarsu ƴar shekara shida ta dawo daga makaranta ta faɗa jikinta, sai ta shafa kanta sau ɗaya ta juya wa bango fuska. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi shiru, duk a banza. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma ba ya jin kunyar faɗarsa ko a gaban wa: a mayar masa da Kanarinsa yadda take.

Sai wajen azahar aka kira lambarsu. Likitar dattijuwa ce mai gilashi, teburinta cike da fayil, a gefe kuma ga wani littafi mai kauri da bangonsa ya sha hannu har ya fara saɓulewa.

"Malam, bari in faɗa maka yadda aikinmu yake," in ji ta. "Za mu auna jininta don kada wani ciwon jiki ne ya ɓuya. Amma irin abin da nake zato ba ya fitowa a jini, ba ya fitowa a hoto. Da baki ake gano shi. Abin da kuka gaya mini da abin da idona ya gani, su nake ɗorawa a kan abin da ke cikin littafin nan, in ga inda suka dace."

Ta ce alamomi tara ne, in mutum ya haɗa biyar har tsawon sati biyu, to ciwon ya samu suna. Maganar ta kwanta wa Kafinta a rai, don shi ma mutumin awo ne, kuma ya yarda da duk wanda ke aunawa kafin ya yanka.

Likita ta juya wajen matar ta fara tambaya a hankali. Baƙin ciki? Ta gyaɗa kai. Akwai abin da ke ba ta sha'awa? Ta girgiza. Abinci, barci, kasala, mantuwa, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yin alama a takarda. Sannan ta rage murya.

"Ƴata, kina tunanin gara a ce ba ki da rai?"

Kafinta ya buɗe baki zai ce haba, sai ya ga matarsa ta gyaɗa kai. Gado ɗaya suke kwana, amma sai a ɗakin baƙuwa ya ji wannan.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Likita, ta dubi su biyun. "Ta taɓa yin wani lokaci da abin ya juye? Ta rikice, ta ƙi barci, ta yi ta surutu ba kan gado, ta yi abin da ba halinta ba?"

"Allah ya kiyaye, ranki ya daɗe," in ji Kafinta da sauri. "Ko sau ɗaya. Wannan kwanciyar ce dai take zuwar mata lokaci lokaci. Ai da kin gan ta sa'ad da take da lafiya, wallahi da kin..."

Nas ta leƙo ta ce akwai mutum talatin da ɗaya a waje, ɗaya kuma ya fara dukan ƙofa. Likita ta yi murmushin gajiya ta ja takardar magani.

"Za mu gan ta da lafiyar, in Allah ya yarda."

A nan aka yi ɓatan kai, kuma babu wanda ya yi ƙarya a ɗakin. Ita ta tambayi ciwo, shi kuwa abin da take nema yana ajiye a ransa a wurin da ake ajiye abin alfahari. Ta rubuta ciwon damuwa mai tsanani a saman fayil, ta ba su ƙwayar magani guda kullum da safe, ta ce su dawo bayan sati shida.

Ba a kai sati shidan ba. Ranar wata Talata a sati na huɗu, Kafinta ya taso daga shago da rana don ya duba ta, tun daga bakin layi ya jiyo ƙarar keke. Ya tsaya cak. Sai ga muryar ta biyo baya, waƙar nan tata da ba ta da kai ba ta da gindi, wadda take ƙirƙira tana tafiya. Namiji ne mai gemu, amma a ƙofar gidansa ya tsaya yana share ido da bayan hannu.

"Maigida, ka tsaya nan kamar mai neman aro?" ta ce da ta hango shi. "Shigo ka ga abin da na yi!"

Ta wanke gidan tas, ta canza wa kujeru wuri, ta ɗinka wa ƴarsu riga biyu kafin azahar. Ya zauna yana kallonta baki har kunne. Washegari ya ɗauki zarto da guduma ya tafi asibiti, ya durƙusa a gaban marasa lafiya ya gyara bencin nan kyauta. Da nas ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce godiya ce.

Kwana uku ya yi yana yawo kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. A rana ta huɗu ya lura ba ta ci komai ba tun jiya, ta ce ba ta da lokaci. A ta biyar maƙwabciya ta tare shi a hanya ta ce ya yi haƙuri, amma keken nan ba ya tsayawa har gari ya waye, yaranta ba sa samun barci. A ta shida ya dawo ya tarar ta yanka yadin mutane duka, har wanda wata ta kawo don bikin ƙanwarta, ta yanka labulen ɗaki, ta yanka rigunansa biyu masu kyau. Ta ce za ta ɗinka wa duk makarantun garin kayan makaranta, an riga an ba ta aikin, saura su sani. Maganarta tana gudu tana tuntuɓe da juna, kafin ya kama ɗaya ta wuce uku.

"Kanari, ki ɗan huta mana," ya ce, ya miƙa hannu zai karɓi almakashin.

Ta ɗauke shi da mari. Shekara tara suna tare ko hararar kirki ba ta taɓa yi masa ba.

Ya kai yarinyar gidan yayarsa. A rana ta tara wani mai shago ya aiko a kira shi. Ya same ta a tsakiyar titi, babu takalmi, da tef ɗin awo a wuya, tana tare motoci tana cewa direbobi su fito ta auna su. Mutane sun yi cincirindo, wasu na dariya, wasu na ɗauka a waya. Sai da maza uku suka taya shi kafin aka sa ta a mota, tana zaginsa da sunayen da bai san ta san su ba. A asibiti aka yi mata allura aka ba ta gado.

Bayan kwana biyu Likita ta aika a kira shi. Wannan karon ta rufe ƙofa, ta ce wa nas ko gobara ake yi kada a ƙwanƙwasa. Ta jawo farar takarda ta ja dogon layi a tsakiya daga wannan gefe zuwa wancan.

"Malam, ranar nan ka fara ba ni labari na katse ka. Laifina ne. Yau ka ba ni shi duka. Fara daga ranar da ka fara ganinta."

Wannan labari ne da Kafinta ba ya gajiya da bayarwa, ko da zuciyarsa na tafasa. Ya ce teburin yankan yadi ta zo ya yi mata. Ciniki na minti goma, amma sai da ta yi awa uku a shagon. Ta yi masa waƙa, ta jera masa kayan aikinsa a bango, ta ce allon shagonsa muni gare shi, ta aika aka sayo fenti ta sake rubuta shi da hannunta. Shi mutum ne da kan wuni bai yi magana goma ba, amma ranar sai da cikinsa ya yi ciwo don dariya. Sati guda tana zuwa kullum. Bai taɓa ganin mutum mai rai haka ba.

Likita ta yi ɗan tudu da biro a saman layin.

"Sai me ya biyo baya?"

Bayan aure da wata ɗaya ta yi shiru, aka ce kewar gida ce. Likita ta yi rami a ƙasan layin. Bayan haihuwa ta kwanta wata shida. Wani ramin. Sannan ta warke, in ji shi, fuskarsa ta ɗan saki, ta warke sosai: a cikin kwana shida ta yi wa gidan labule kaf, ta ɗinka wa yaran layinsu goma sha ɗaya riguna kyauta, ta koyi hawa kekensa a tsakar gida tana faɗuwa tana dariya.

"Barci fa, a kwana shidan nan?"

"Ai in tana da lafiya ba ta buƙatarsa," ya ce da alfahari. "Awa biyu, uku, ta tashi garau."

Sai da maganar ta fita ya ji ta da kunnensa. Likita ta ƙara wani tudun.

Haka suka bi shekara tara. Da suka gama akwai rami biyar masu faɗi a ƙasa, da tudu bakwai ƴan sirara a sama, babu wanda ya wuce kwana goma sai na ƙarshen nan da ya yi tsini har ya kusa fita daga takardar. Kafinta ya ƙura musu ido. Ya san kowannensu. Ga ranar fenti, ga satin labule, ga lokacin da ta tashe shi da asuba ta ce su je su ga fitowar rana a kan gada. Duk abin da yake tunawa in aiki ya yi masa nauyi, ga shi nan an jera a saman layi.

"Ciwon gefe biyu gare shi," in ji Likita. "Ƙasa da sama. Ni ƙasan kawai na gani, sai na ba shi sunan ƙasan. A littafin nan babinsu ma daban ne, maganinsu daban. Maganin da na ba ta yana ɗaga wanda ya faɗi, amma mai irin nata in an ba shi shi kaɗai, yakan ɗaga shi ya wuce da shi. Da na ji labarin nan ranar farko, da ba haka na yi ba."

"Ba ki tambaye ni lafiyarta ba," ya ce. "Ciwo kika tambaya."

"Haka ne."

"To yanzu in an ba ta na daidai, yaushe za ta dawo kamar da?" Ya ɗora yatsa a kan tudun labule. "Kamar nan. Ban ce na titi ba. Nan."

Likita ta cire gilashinta ta murza ido.

"Malam, na nan da na titi hanya ɗaya ce, nisan ne ya bambanta. Aikin maganin shi ne ya riƙe ta a nan." Ta bi layin tsakiyar da bakin biro. "Kada ta faɗa ƙasa, kada kuma ta hau. Ban ce duk dariyarta ciwo ba ce, kada ka fahimce ni a karkace. Iya ɗinkin nata ne, muryar tata ce. Amma kwanakin nan da ba ta barci, in mun yi aikinmu da kyau, ba za ka sake ganinsu ba."

Ya so ya yi mata ihu, amma ba a yi wa mutumin da ya faɗi gaskiya a hankali ihu. Ya zauna yana jin kamar an shiga gidansa an kwashe kaya yana kallo.

"Bari in tambaye ka wani abu," ta ce. "Tsakanin tudu da rami akwai wurare masu tsawo da biro bai bar layi ba. Shekara guda a nan, wata takwas a can. Yaya take a lokacin?"

Kafinta ya shiga lalube a ransa. Tana dafa abinci, tana ɗinki, tana kai yarinya makaranta. Ya nemi wata magana da ta taɓa faɗa a irin waɗannan watannin, ko wani abu da suka yi tare, ya rasa. Shi dai ya san a lokacin yakan ce ta fara samun sauƙi, saura kaɗan ta warke. Ashe jira kawai yake yi.

"Tana nan dai," ya ce.

Kafin ya fita ta ba shi aiki. Shi ne mai tsaro yanzu. In ya ga barcinta ya ragu kwana biyu a jere, ko maganarta ta fara sauri, ko ta ɗauko wani babban shiri daga sama, kada ya jira ranar asibiti, ya kawo ta. Ya karɓi takardar mai layi ya naɗe ya sa a aljihu. A waje ya wuce bencin da ya gyara, mutum biyar na zaune a kai, ko motsi ba ya yi.

Sati biyar ta yi aka sallame ta. Ta dawo a natse, ta ɗan yi ƙiba, tana tashi da safe tana kwanciya da wuri. Ta bi gidajen waɗanda ta yanka wa yadi ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri da bakinta. Sabon maganin ya sa hannunta ɗan rawa, ba ta iya zura zare a allura, sai shi ya riƙa zura mata kafin ya fita shago. Tana gode masa. Dangi suka zo suka ce kai, an ga sauƙi, Allah ya saka wa likitar nan. Shi ma yana cewa amin. Bai ƙara ce mata Kanari ba, kuma bai lura ya daina ba.

Wata Asabar da hantsi yana tsakar gida yana goge ƙafar kujera, ita tana kan keke tana yi wa ƴarsu kalmasa a siket ɗin makaranta. Sai ya ji ta fara ɗan rera wani abu ƙasa ƙasa, ba ma waƙa sosai ba. Zuciyarsa ta yi tsalle. Kafin murnar ta kai ko'ina tsoro ya sha gabanta.

"Awa nawa kika yi barci jiya?" ya ji bakinsa ya ce.

Keken ya tsaya. Rerawar ma ta tsaya.

"Takwas," ta ce. "Siket ɗin ne ya yi kyau, shi ke nan."

Ya ce ta yi haƙuri, ta ce babu komai. Ta gama kalmasar shiru, ta yanke zare, ta naɗe siket ɗin. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kofin ruwa da ƙwayar maganinta ta safe, wadda ta manta ba ta sha ba. Ta zauna a kan kujerar da ke fuskantarsa, maganin a tafin hannunta yana ɗan rawa.

"Na ga takardar da ke aljihunka, ranar da nake wanki," ta ce. "Likita ma ta zana mini irinta. Na san wadda kake so, Maigida, matar nan ta saman layi. Ni ma ina sonta. In tana nan komai sauƙi ne, kowa yana dariya, ba na jin nauyin ƙafata." Ta kalli maganin. "In na daina shan wannan za ta dawo. Kwana biyar, ko goma. Ka san abin da ke biyo baya, ni ma na sani. Amma in ka ce in daina, zan daina."

Ya san amsar. Ko yaro aka tambaya ya san ta. Ya tuna titi, da tef a wuya, da gyaɗa kan da ta yi a gaban Likita. Amma sai allon shagonsa ya faɗo masa a rai, da fenti a gefen hancinta, tana dariya tana ce masa ya riƙe tsani da kyau. Ba daɗewa ya yi ba. In da za a auna, bai fi a ja numfashi uku ba.

"Sha," ya ce. "Sha mana, wace irin magana ce wannan."

Ta sa maganin a baki ta kora da ruwa, idonta a kansa har ta haɗiye. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ka yi jinkiri," ta ce.

Ta tashi ta ɗauraye kofin ta kife, ta koma kan keke. Ta ɗauko wani yadin ta shimfiɗa, ta ɗaga zare ta nufi allura, hannun yana rawa, ta kuskure, ta sake, ta kuskure. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya taso zai karɓa. Ya buɗe baki zai kira ta, sai ya tsaya, don sunan da yake da shi, Kanari, ba nata ba ne.

"Bar shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zan iya."